Kare Suna da Tambarin Manhaja Mai Buɗaɗɗen Tushe: Bayani ga Jama'ar Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ya tsaya a tashar mota ta Ƙaura Namoda a lokacin kaka, ya ga yadda fatake ke sanya wa buhunan hatsinsu shaida da fenti kafin a loda su. Wani ya rubuta farkon harufan sunansa, wani ya zana tauraro, wani kuma ya ja layi biyu a bakin buhu. Gero dai gero ne, amma wannan shaida ita ce ke nuna mai kaya, kuma ita ce dillali a Gusau ko Kano zai duba ya ce kayan wane ne, ba a samun tsakuwa a cikinsu. Ranar da wani ya kwaikwayi shaidar ya zana ta a kan buhun da aka cakuɗa da ƙasa, to ya cuci mai saye, ya kuma zubar da mutuncin da mai shaidar ya yi shekaru yana tarawa.

Abin da ake kira alamar kasuwanci a dokar zamani bai wuce wannan ba, sai dai an shigar da shi cikin rajistar hukuma. A wannan bayani za mu duba yadda al'amarin ya shafi wani fanni da matasanmu ke ƙara shiga, musamman ɗalibai da tsofaffin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a shekarar 1983, wato fannin ƙirƙirar manhajar kwamfuta da ta wayar hannu. Za mu fi mai da hankali ga irin manhajar da ake bayarwa kyauta ga kowa, domin a nan ne aka fi yin kuskuren zaton cewa tunda an sadaukar da manhaja, to sunanta ma ya zama na kowa.

Mece ce manhaja mai buɗaɗɗen tushe?

Kowace manhaja tana da tushe, wato rubutattun umarnin da masu ƙirƙira suka tsara domin na'ura ta bi. Wasu kamfanoni suna ɓoye wannan tushe, su sayar wa jama'a da izinin amfani kawai. Wasu kuwa suna fito da shi fili, tare da lasisin da ya yarje wa kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya kuma rarraba wa wasu. Wannan nau'i na biyu shi ake kira manhaja mai buɗaɗɗen tushe.

Irin wannan manhaja ba baƙuwa ba ce a yankinmu, ko da yake ba kowa ya san ta da wannan suna ba. Tsarin Android da ke cikin mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a an gina shi ne a kan Linux, wadda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991. Haka kuma manhajar DHIS2, wadda ake tattara alƙaluman asibitoci da ita daga ƙananan hukumomin Nijeriya, mai buɗaɗɗen tushe ce, kuma Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar aikinta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na manomin da ya samu irin wake mai kyau, ya ce kowa ya zo ya ɗiba ya shuka, ya haɗa shi da nasa iri in ya so, ya kuma ba maƙwabcinsa. Wannan kyauta ce ta iri. Amma bai ce wani ya zuba ruɓaɓɓen wake a buhu ya zana shaidarsa a kai ya kai kasuwa ba. Iri daban, shaida daban.

Bambancin haƙƙin mallaka da alamar kasuwanci

Dokoki biyu ne ke aiki a nan, kuma ya kamata a rarrabe su.

Ta farko ita ce dokar haƙƙin mallaka, wadda ke kare rubutun manhajar kansa. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana ɗaukar manhajar kwamfuta a matsayin aikin rubutu, kamar littafi. Haƙƙin yana tabbata ne da zarar an rubuta aikin, ba sai an yi rajista ba. Wannan haƙƙi shi ne mai manhaja ke sassautawa idan ya sanya mata lasisin buɗaɗɗen tushe.

Ta biyu ita ce dokar alamar kasuwanci, wadda ke kare suna da tambarin da jama'a ke gane kaya da su. Manufarta ita ce kada a ruɗi mai saye game da asalin abin da ya karɓa. Lasisin da ya buɗe tushen manhaja bai taɓa wannan haƙƙi ba. Hasali ma, lasisin Apache kashi na biyu, wanda aka fitar a 2004, ya faɗa ƙarara a sashensa na 6 cewa bai ba kowa izinin amfani da alamomin kasuwancin mai manhaja ba, sai dai wajen bayyana inda aikin ya samo asali. Shi ma lasisin GPL kashi na uku na shekarar 2007 ya ba mai manhaja damar riƙe haƙƙin sunansa da tambarinsa.

Saboda haka ne kamfanin ƙera waya zai iya ɗaukar tushen Android ya yi abin da ya ga dama da shi, amma ba zai tallata wayarsa da sunan Android ba sai ta cika sharuɗɗan da kamfanin Google, mai wannan alama, ya gindaya.

Darussa daga abin da ya faru a wasu ƙasashe

Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Akwai abubuwa uku da suka auku waɗanda duk mai niyyar fitar da manhaja ya kamata ya sani.

Na farko shi ne na sunan Linux. A farkon lamari Linus Torvalds da abokan aikinsa ba su damu da yi wa sunan rajista ba, domin a ganinsu abu ne na jama'a. A shekarar 1994 wani mutum a birnin Boston na Amurka, wanda ba shi da hannu a aikin, ya shigar da takardar neman mallakar sunan, aka kuma ba shi. A 1996 sai ya fara aika wa masu rarraba Linux da masu buga littattafai a kanta wasiƙu yana neman su riƙa biyan sa kaso daga cinikinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Sai da aka haɗa lauyoyi aka ƙalubalanci rajistar, kafin a yi sulhu a 1997, inda aka mayar da alamar hannun Torvalds. Darasin da ke nan shi ne, sunan da mai shi bai tsare ba, wani na iya riga shi zuwa ofishin rajista.

Na biyu shi ne na manhajar shiga intanet ta Firefox. Da sunan Phoenix aka fara fitar da ita a 2002, sai wani kamfani mai wannan suna ya yi ƙorafi, aka sauya zuwa Firebird a 2003. Nan ma aka tarar akwai wata manhajar adana bayanai da ta riga ta ɗauki sunan, don haka a watan Fabrairu na 2004 aka koma Firefox. Sauyin suna biyu cikin ƙasa da shekara biyu, duk saboda rashin cikakken bincike tun farko. Bayan haka, a 2006, aka samu saɓani tsakanin Mozilla, masu alamar Firefox, da ƙungiyar Debian, wadda ke yi wa manhajar gyare-gyare kafin ta rarraba ta. Lasisi ya ba Debian damar gyara, amma sharuɗɗan alama ba su ba ta damar ci gaba da amfani da sunan yadda take so ba. Sai ta sanya wa nata kwafin suna Iceweasel, kuma haka aka zauna har shekarar 2016, lokacin da ɓangarorin biyu suka daidaita aka dawo da sunan Firefox.

Na uku shi ne na OpenOffice, manhajar rubutu da lissafi ta ofis. Ɗimbin 'yan sa-kai sun yi shekaru suna yi mata aiki, amma alamar tana hannun kamfanin Sun Microsystems. Da kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun a watan Janairu na 2010, sai sunan ya bi kamfani. A watan Satumba na wannan shekara yawancin 'yan sa-kan suka ware, suka kafa gidauniyarsu, suka tafi da tushen manhajar kamar yadda lasisi ya ba su dama, amma dole suka raɗa sabon suna, wato LibreOffice, suka fara tallata shi daga farko. Darasin da ke nan shi ne, tambayar wa ke riƙe da suna ta fi muhimmanci a ranar da aka samu rabuwar kai.

Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Dokar Alamomin Kasuwanci ta 1965 ita ce ke aiki a ƙasar nan, kuma tana cikin kundin dokokin Tarayya na 2004 a babi na T13. Al'amari ne na Gwamnatin Tarayya, ba na jiha ko ƙaramar hukuma ba. Ofishin da ke yin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. A shekarar 2023 an yi wa dokar gyara, inda aka faɗaɗa ma'anar alama ta haɗa da ta masu gudanar da hidima, ba ta masu sayar da kaya kaɗai ba. Wannan gyara yana da amfani ga masu manhaja, domin sau da yawa hidima suke sayarwa, kamar girkawa da horarwa da kulawa.

An kasa kaya da hidimomi gida 45 bisa tsarin ƙasa da ƙasa. Manhajar da ake saukewa a waya ko kwamfuta tana aji na 9, hidimar tsara manhaja da gudanar da ita ta intanet tana aji na 42, horarwa kuma tana aji na 41. A Nijeriya kowane aji da takardar nemansa, don haka ya kamata a zaɓi wanda ya fi dacewa da aikin da ake yi.

Matakan rajista su ne kamar haka:

1. Bincike a ofishin rajista, domin a tabbatar babu wanda ya riga ya riƙe sunan ko mai kama da shi a wannan aji.
2. Shigar da takardar nema tare da hoton tambari da sunan mai nema da adireshinsa. Yawanci ana yin haka ne ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi, kuma ana iya yi ta intanet ba tare da an je Abuja ba.
3. Karɓar takardar shaidar cewa an shigar da nema. Wannan ba rajista ba ce, amma ranar da ke jikinta tana da muhimmanci, domin daga ita ake ƙirga rajistar idan an amince.
4. Tantancewar jami'an ofishin, wadda idan an tsallake ta ake ba da takardar amincewa.
5. Buga alamar a mujallar alamomin kasuwanci, inda ake ba duk mai ja wata biyu ya shigar da ƙorafinsa.
6. Bayar da takardar shaidar rajista, idan babu mai ja, ko kuma an saurari ƙorafin an yi watsi da shi.

Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, daga nan a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 14. Idan aka bar alama shekara 5 a jere ba a amfani da ita, wanda abin ya shafa na iya neman a soke ta. Haka kuma laifi ne mutum ya nuna wa jama'a cewa alamarsa tana da rajista alhali ba ta da ita, don haka kada a sanya harafin R mai da'ira a gefen suna sai takardar shaida ta zo hannu. Shari'ar keta alamar kasuwanci kuwa hurumin Babbar Kotun Tarayya ce, wadda ke da reshe a Gusau.

Wanda bai yi rajista ba bai rasa kariya gaba ɗaya ba, domin yana iya kai ƙarar wanda ya yi sojan gona da sunansa. A wata shari'a ta shekarar 1961, kotu ta hana wani shagon magani a Onitsha ci gaba da amfani da sunan Nigeria Chemists, saboda ya yi kama da Niger Chemists da ya riga shi a garin, har jama'a na iya ruɗewa. Sai dai a irin wannan ƙara, nauyi yana kan mai ƙara ya kawo hujjar cewa an san shi da sunan, kuma an ruɗi jama'a ko ana iya ruɗinsu. Mai takardar rajista ya huta da mafi yawan wannan wahala.

Kurakuran da aka fi yi

Kuskure na farko shi ne zaton cewa rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta wadatar. Wannan rajista tana ba mutum damar gudanar da harka da sunan ne a hukumance, amma ba ita ce rajistar alamar kasuwanci ba. Ofisoshi biyu ne daban, da dokoki daban. Haka nan mallakar adireshin intanet mai ƙarewa da .ng, ko buɗe shafi a Facebook, ba ya mayar da suna mallakar mutum a idon wannan doka.

Kuskure na biyu shi ne zaɓen sunan da ba ya karɓar rajista cikin sauƙi. Doka ba ta son a ba mutum ɗaya kalmar da ke siffanta kayan kai tsaye, ko sunan gari, ko sunan zuriya, sai an kawo hujjar cewa jama'a sun riga sun san kalmar da kayansa. Dalili kuwa a fili yake: Zurmi da Shinkafi sunaye ne na dukkan mutanen garuruwan, kamar yadda kalmar lissafi take ta duk mai manhajar lissafi. Ƙagaggen suna, ko kalmar da ba ta da alaƙa da aikin manhajar, ya fi ƙarfi. Haka kuma ba a karɓar alamar da za ta yaudari jama'a, ko ta saɓa wa tarbiyya, ko ta ɗauki tambarin ƙasa.

Kuskure na uku ya shafi tambari. Idan wani mai zane ne ya zana shi, to a rubuta yarjejeniyar da ta miƙa haƙƙin zanen ga masu manhaja. Kuma kada a ɗauko hoto daga intanet a mayar da shi tambari, domin yana da mai shi.

Batun iyaka da Jamhuriyar Nijar

Rajistar alama tana aiki ne a ƙasar da aka yi ta kaɗai. Ko sunan Linux, duk da shaharar da ya yi, hukumar Ostireliya ta ƙi yi masa rajista a 2005. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin Ƙaramar Hukumar Zurmi tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma harshe ɗaya muke yi da mutanen Maraɗi. Manhajar Hausa da ta karɓu a Ƙaura Namoda ba za ta daɗe ba ta tsallaka, tunda ba ta bukatar mota ko jirgi.

Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta ƙasar Kamaru, wadda ta ƙunshi ƙasashe 17, kuma rajista ɗaya a can tana aiki a cikinsu duka. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, don haka takardar Abuja ba ta da ƙarfi a Maraɗi. Amma Yarjejeniyar Faris, wadda Nijeriya ta shiga a 1963, ta ba mai nema wata 6 daga ranar da ya shigar da takarda a gida, ya shigar a wata ƙasar da ke cikin yarjejeniyar, a ɗauka tamkar a rana ɗaya ya shigar da su.

Wa ya kamata ya riƙe sunan?

A ƙaddara matasa huɗu sun haɗu sun rubuta manhajar da dillalan hatsi za su riƙa rubuta bashi da ajiya da ita, suka kuma buɗe tushenta. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi rajista da sunansa shi kaɗai, to ranar da suka ɓata, ko ya rasu alamar ta shiga cikin gado, sauran ukun sun zama baƙi a gidan da suka gina. Abin da ya fi shi ne a yi rajistar da sunan wata ƙungiya mai rajista, kamar kamfani ko amintattun ƙungiya a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2020, a kuma rubuta yadda za a yi da sunan idan aka rabu. Idan aikin na karatu ne ko na wurin aiki, a fara duba ƙa'idojin makarantar ko ma'aikatar. Tun ran gini ran zane.

Bayan haka, ya kamata a fitar da taƙaitacciyar sanarwa, da Hausa da Turanci, mai bayyana abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba. Bisa al'adar masu irin wannan aiki, ana barin kowa ya rarraba manhajar da sunanta muddin bai sauya komai ba, ya ambace ta a rubutu ko darasi, ko ya ce shagonsa yana girka ta. Abin da ake hanawa shi ne sanya sunan a kan kwafin da aka sauya, ko sanya shi cikin sunan wani kamfani, ko nuna cewa masu manhajar sun amince da mutum alhali ba haka ba ne.

Wannan tsari ba rowa ba ce. A yankinmu, manhaja takan yaɗu ne daga waya zuwa waya, ko daga shagon masu tura waƙoƙi da fina-finai, ba tare da an bi ta shagon intanet na hukuma ba. Idan wani ya ɗauki tushen waccan manhaja ta dillalai, ya cusa mata abin satar lambobin sirri na banki, ya rarraba ta da suna da tambarin asali, to dillalin da aka kwashe wa kuɗi ba zai san ɓarawon ba, sunan da ya gani a fuskar waya shi zai zarga. Alamar da ke da rajista ita ce hujjar da masu manhaja za su riƙe su nemi a cire jabun daga intanet, ko su je kotu da ita.

Kammalawa

Muna jan hankalin matasa masu wannan sana'a da su yi bincike kafin su raɗa suna, su adana shaidar ranar da suka fara amfani da shi, su kuma nemi shawarar lauya kafin su biya kowa kuɗin rajista, tare da karɓar rasit da takardar shaidar shigar da nema. Wannan bayani na wayar da kai ne, ba ya maye gurbin shawarar masanin shari'a. Haka kuma abin da muka faɗa ya shafi masu sarrafa man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, sabulu, ruwan leda da sauran kayan da ake ƙullawa da suna a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, domin doka ɗaya ce ke kare shaidar kowa. Ga masu amfani da manhaja kuwa, muna kira da a riƙa tambayar inda ta fito kafin a sanya ta a waya, musamman wadda za ta taɓa harkar kuɗi.